Wai kai yana iyo? Amsar tambaya kan kalmar swim

Wata ɗaliba ta aiko min da tambaya, wai an ba su aikin fassara a makaranta, ta ci karo da my head is swimming sai ta rubuta "kaina yana iyo", malamin ya ja mata jan biro. Shi ne take tambaya ina laifinta tunda swim ai iyo ne.

To ƙanwata, malaminki bai zalunce ki ba. Eh swim iyo ne, ko ninƙaya, duk ɗaya, kuma kalmar tana sauya kama, swim, swam, swum, gwargwadon lokaci. Amma a jimlar nan babu ruwa ko ɗigo, jiri ne kawai yake ɗibar mutum, irin wanda za ki ji in kin miƙe zumbur da azumi a bakinki wajen la'asar. "Jiri nake ji" ko "kaina na juyawa", shi kenan.

Haka in Bature ya ce abinci yana swimming in oil, nufinsa mai ya kwanta male-male, kamar shinkafa da waken da aka sakar wa hannu har cokali na santsi. In kuwa swimming in money ne, mu ai cewa muke wane yana wanka da naira.

Wadda ta fi burge ni ita ce sink or swim, wato an bar ka kai kaɗai, ko ka nutse ko ka kai gaci. Nan kam ba sai mun yi aro ba, kakanninmu sun riga sun ce iya ruwa fidda kai. Ki lura fa, ba su ce iya iyo ba, iya ruwa suka ce, don ruwan ne kansa ake iyawa, a san inda yake ja da inda yake da zurfi, kuma duk wanda ya taɓa ganin masunta a Argungu sun afka kogin Matan Fada da gora da koma ya san bambancin. Mu har baki muka yi wa ruwa, in mutum ya nutse sai a ce ruwa ya ci shi, daga nan aka samu wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ki koma ki gyara aikinki, jiri za ki sa a wurin.