Ƙanena, ga abin da ke bayan hoton nan na bakin teku

Saƙonka ya iso ni bayan sallar isha'i, na karanta shi har sau biyu. Ka ce ka ga hoton da na ɗora ina tsaye a bakin teku ni da abokina, tun daga ranar kuma zuciyarka ta kafe a kan zuwa Masar karatu. Ka ce akwai wani ejan a nan Sakkwato da ya yi maka alkawarin gurbi da tallafin karatu in ka biya shi, har Baba ya fara maganar sayar da gonar fadama don a haɗa kuɗin. Ka roƙe ni in faɗa maka gaskiya tsakani da Allah. Zan faɗa maka, domin maganar gonar nan ita ce ta hana ni barci daren jiya.

Hoton nan ba ƙarya ba ne, kuma ba zan ce maka ban ji daɗi ba. Kwana huɗu muka yi a Iskandariyya, suna cikin kwanakin da ba zan manta ba. Sai dai ka sani, shekara shida na yi a Alƙahira kafin in ɗora idona a kan teku, alhali tsakanin garuruwan biyu bai wuce kilomita 220 ba, kusan kamar ka tashi daga Sakkwato ka je Gusau.

Abokin da ka gani ɗan Birnin Ƙonni ne, shekara huɗu muna ɗaki ɗaya a unguwar Hayyul Ashir da ke Alƙahira. Tun muna ajin farko muka yi wa juna alkawari cewa ranar da Allah ya nuna mana ƙarshen karatun nan, sai mun je mun ga Bahar Rum kafin kowa ya kama gabansa. Da sakamako ya fito ba mu tashi nan take ba, muka jira ƙarshen Satumba. A watannin Yuli da Agusta mutanen Alƙahira kan kwarara can gudun zafi, haya ta yi tashin gwauron zabo, rairayin bakin ruwa ko masaka tsinke babu. Sai makarantu sun koma gari yake sararawa.

Da sassafe muka hau jirgin ƙasa a tashar Ramsis. Tafiyar kusan awa uku ce, ban runtsa ba, idona na kan taga. Gonaki kore shar, masara da shinkafa, magudanan ruwa, bauna irin tasu ta gida tana kwance cikin laka, yaro a kan jaki yana korar ta. Ka ɗauka fadamar Kwalkwalawa aka ja ta, aka yi ta ja, ba ta ƙare ba sai da muka sauka a Sidi Gabir. Muna fitowa tasha iskar ta canza, mai sanyi, da wani ƙarni-ƙarni kamar na kasuwar kifi. Muka miƙe wani titi da jakunkunanmu, can a ƙarshensa, tsakanin dogayen gine-gine biyu, sai ga wani shuɗi da na fara zaton sararin sama ne.

Mu da muka tashi ba mu san ruwan da ya fi gulbin Rima a watan Agusta ba, sai ko madatsar Goronyo in an kai ɗalibai ziyara, tsayuwa muka yi kawai. Abokina ya daɗe bai ce uffan ba, can ya ce, "Wanga ruwa ba shi da ƙetare?" Muka tuɓe takalma muka sauka. Na kamfato da hannu na kai baki, gishiri ne har da ɗaci-ɗaci. Nan take na kira Inna ta bidiyo na juya mata wayar. Ta yi salati, ta yi shiru, sannan ta ce, "Duk ruwan ga ba a sha, ba a ban ruwan albasa da shi?" Na ce mata a'a. Ta ce Allah mai iko, ta ce in ɗebo mata a kwalba ta gani da idonta.

Ɗaki muka kama ta hannun dillali, can bayan layin taragon cikin gari, inda ya fi sauƙi. Kafin mai gidan ya miƙo makulli, abu na farko da ya nema shi ne fasfo, ya buɗe shafin iƙama, wato izinin zama a ƙasar, ya duba ranar ƙarewarta da ɗan yatsa. Riƙe wannan a ranka, zan dawo kansa.

Washegari muka yi azahar a masallacin Abul Abbas al-Mursi, babban shehin Shaziliyya da ya rasu a 1287. Dab da shi akwai masallacin Imam Busiri, mai Burda, inda kabarinsa yake. Ka san yadda ake raira ta a gida lokacin Maulidi, muna yara muna bin baki ba mu san ma'ana ba. Ga baitocin nan an rubuta su a jikin bango. Abokina ya fara karantawa da irin karin da kakarsa ke yi, muryarsa ta sarƙe, ya kasa ƙarasawa. Na bar shi, na fita waje na zauna.

Daga nan da ƙafa muka bi gaɓa har ganuwar Ƙaitbai, wadda Sarki Ƙaitbai ya fara ginawa a 1477 a daidai gurbin tsohuwar hasumiyar fitila da girgizar ƙasa ta rushe. Katin ɗalibi ya rage mana kuɗin shiga. A saman ganuwar iska kamar ta cire maka hula, ruwa yana dukan duwatsu yana fantsama fari fat. Babban ɗakin karatun garin, wanda aka buɗe a 2002, shi ma mun leƙa, bangonsa na waje cike da haruffan rubuce-rubucen duniya da aka sassaƙa a dutse. Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne masuntan Anfushi. Da la'asar na zauna kusa da wani dattijo yana ɗinkin taru, ya maƙale zaren da babban yatsan ƙafarsa, hannunsa yana tafiya ba ya ko kallo. Na ba shi labarin Sarkawa da bikin kamun kifi na Argungu, yadda ake faɗawa ruwa da homa da gora. Ya ajiye allurar ya ce in maimaita masa maganar gorar. A nan unguwar muka zaɓi kifinmu da kanmu, wanda suke kira buri, aka auna, aka gasa mana, aka kawo da shinkafa mai launin ƙasa-ƙasa da gurasa. Abinci mafi tsada da na ci ke nan a duk zamana a ƙasar nan, da kuɗin da na yi wata bakwai ina tarawa daga koyar da yara Alƙur'ani ta waya.

Akwai abin da ya faru a rana ta uku da nake so ka ji, don na san ka da son iyo. Na shiga har ruwa ya kai mini ƙirji, ina ganin ai na saba da Rima. Sai na ji rairayi yana zarewa daga ƙarƙashin ƙafafuna, wani abu yana ja na ciki, ina bugun ruwa amma gaɓa tana ƙara nisa. Mai tsaron wurin ya yi ta busa usur yana nuna mini gefe da hannu. Da na bi gefen, sai jan ya sake ni. Bayan na fito jikina yana rawa, ya zaunar da ni ya yi mini bayani: ruwan da igiya ta turo gaɓa yana neman hanyar komawa, sai ya haɗu a wuri ɗaya ya yi kamar ƙorama mai gudu zuwa tsakiyar teku, kuma sau da yawa wurin ne ya fi kama da kwantacce. Wanda ya yi kokawa da shi kai tsaye gajiya ce ke kashe shi. Akwai wani bakin ruwa a Agami da ake kira Nakhil, ya yi suna wajen cin mutane. Gulbi daban, teku daban. Duk ranar da ka zo ka ga jar tuta a kafe, ko ƙafa kada ka tsoma.

To, kwana huɗun ke nan. Saura shekara shidan, waɗanda ban taɓa ɗora hotonsu ba.

Na zo ina ganin na iya Larabci, don na haddace nahawu a gida. Direban motar farko da na shiga ya yi mini magana, ko kalma uku ban tsinta ba. Larabcin titi daban yake da na littafi, jim ta koma ga, ƙaf ta ɓace. Aka yi mini jarrabawar tantance mataki, na yi kusan shekara a ajin koyon harshe kafin in shiga kulliya. Sanyin Disamba da Janairu kuma ba irin hunturunmu ba ne da rana ke fitowa ta kore shi. Shiga ƙashi yake, ɗaki ba abin ɗumamawa, mu biyar a gida mai ɗaki biyu muna karatu cikin bargo. Wake da gurasa da safe, kushari in an samu da rana. Akwai watan da kuɗin gida bai iso ba, abokin nan nawa shi ya riƙa raba abincinsa biyu, bai taɓa bari wani ya sani ba. Yara a layi kan bi ka da kiran launin fatarka, ka haɗiye ka wuce. Ita kuwa iƙama, duk shekara sai an sabunta ta, da takardar shaida daga makaranta, da bin layi tun kafin gari ya waye, wani lokaci a ce ka koma ka dawo wani mako. Wanda tasa ta mutu, a ɗarare yake fita, tara tana taruwa a kansa, ko ɗakin kwana huɗu a bakin teku ba mai ba shi.

Kuɗi kuwa, lissafin da na zo da shi ba shi ne na yau ba. A Yunin 2023 aka saki naira ta faɗi. A Maris ɗin 2024 fam ɗin Masar ya tashi daga wajen 31 a dala ɗaya ya koma kusan 50, kaya suka bi shi. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya kori ɗalibanmu da dama daga Khartum, ya turo jama'a masu yawa Alƙahira, hayar gida ta hau. Duk wanda ya yanka maka adadi ɗaya ya ce zai ishe ka shekara huɗu, ko dai bai taɓa zama a nan ba, ko kuɗinka yake so.

Ba ina hana ka zuwa ba ne, ƙanena. Wallahi ina so ka zo. Jami'ar Azhar ta haura shekara dubu, kuma tun zamanin da ɗaliban ƙasashenmu suke ratsa sahara su zo, har ɗaliban Barno suna da ɓangarensu a cikin masallacin. Bayan darasin aji, akwai majalisun malamai a masallacin Azhar da kewayensa, kyauta, kana zaune gaban wanda ya ƙare rayuwarsa a kan fanni ɗaya. Littafin da muke nema ido rufe a gida, a bayan masallacin za ka same shi a kan tebur. Wannan ya cancanci wahalar da na lissafa maka, har da ƙari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar da gonar da ke ciyar da gida goma sha don a miƙa wa mutumin da bai nuna maka takarda ko ɗaya ba.

Tallafin Azhar ta ofishin jakadancin Masar da ke Abuja yake bi, ba a kasuwa ake sayensa ba. Masu shi ne ake fara ba masauki a Madinatul Bu'us, unguwar ɗaliban ƙasashen waje. Ko ba tallafi, kulliyoyin addini irin su Shari'a da Usuluddini da Lugga kuɗinsu ba shi da yawa, abin da ke cin kuɗi shi ne zama. Likitanci da injiniya kuwa da dala ake biya, kuma da nauyi. Babbar maganar da ejan ɗinka bai taɓo ba ita ce mu'adala, wato ko Azhar ta amince da takardar sakandarenka. In ba ta amince ba, ma'ahadi, wato sakandaren Azhar, za a mayar da kai ka sake wasu shekaru kafin jami'a, na ga wanda wannan ya karya wa zuciya ya koma gida. Takardunka kuma sai an buga musu hatimi a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja, sannan ofishin jakadanci. Duk wannan da ƙafarka za ka iya yinsa.

Ka ce wa Baba na roƙe shi don Allah ya dakata da maganar gona har mu yi waya ranar Juma'a bayan an sauko. Kafin nan ka ɗauki hoton takardar sakandarenka gaba da baya, a wuri mai haske, ka turo mini, zan kai a duba mini matsayinta. Ka ci gaba da zuwa karatun zaure, ka ƙara ƙarfi a haddarka, don a nan za a tambaye ka ita.

Abokina ya koma Ƙonni makon jiya, ta Yamai ya bi. Na ba shi kwalbar Inna, ya ce zai aiko da ita ta hannun direban Illela. In ta iso ka kai mata da kanka, ka ce kada ta sha, ta ɗan taɓa da harshe kawai. Ka gaishe ta, ka gai da Baba da su Goggo.