Ledar Zuƙe Iska: Tana Rage Kuɗin Dako Kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sarin barguna da zannuwan gado a kasuwar Balogun da ke Legas, ina aika wa masu saye a ƙasar waje ta jirgin sama. An ce in sayi ledar nan da ake zuƙe wa iska, wai kuɗin dako zai ragu. Gaskiya ne? Kuma zan iya ajiye ragowar kayan a ciki har damina ta wuce? Daga wata 'yar kasuwa, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Ledar girman kaya take ragewa, nauyinsu kuwa yana nan yadda yake. Masu dakon kaya ta jirgin sama awo biyu suke yi: su ɗora kwali a sikeli, su kuma auna tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa da santimita, su ninka, su raba da 6,000 (wasu kamfanonin aika saƙo da 5,000 suke rabawa). Wanda ya fi yawa a cikin biyun, shi za ki biya.

Ɗauki kwali mai 60 da 50 da 50 cike da barguna masu nauyin kilo 10. A lissafin girma, kuɗin kilo 25 za a caje ki. In kin matse su tsayin ya koma 25, sai ya zama kilo 12 da rabi. A nan ne mutane da yawa suke asara: su matse kayan, su mayar cikin babban kwalin nan. Kwalin ake aunawa, don haka ki yanke shi ya dace da kayan. Atamfa da leshi kuwa kada ki wahalar da kanki, dama a matse suke.

Ki ninke kayan a shimfiɗe, kada ki cika ledar har baki. Ki ja zif ɗin sau biyu, ki bi shi da yatsa, don zare ɗaya in ya maƙale iska za ta koma. Ki zuƙe da famfon hannu ko injin shara mai zuƙe ƙura, ki rufe murfin ƙofar iskar, ki bar ta ta kwana. In ta kumbura da safe, tana yoyo.

Batun ajiya, danshin Legas ne abin tsoro. Kayan da bai bushe ƙarau ba in aka rufe shi, fumfuna da wari za ki tarar. Ki shanya a rana tukuna, ki jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, kuma ki riƙa buɗewa bayan 'yan watanni su sha iska. Shadda, hula mai aiki da kayan fata kada ki matse su, karyewar ba ta fita da sauƙi.

Jami'an kwastam na iya buɗe leda don bincike, kayan su kumbura su ƙi komawa. Gara ledoji ƙanana huɗu da babba ɗaya, in an buɗe guda sauran suna nan a matse.