Ƙulluwa a Saiwar Tumatir: Wace Irin Tsutsa Ce?

Tambaya: Tumatir ɗina yana yaushi da rana duk da ina ba shi ruwa. Na tuge guda, na ga saiwar duk ƙulluwa. Mene ne wannan?

Amsa: Malam, wannan aikin tsutsar saiwa ce, dangin Meloidogyne. Ka murza ƙullun da yatsa. Idan bai ɓalle ba, jikin saiwar ne ya kumbura, ba irin ƙwayoyin saiwar wake masu amfani ba, waɗanda ke ɓallewa, cikinsu jaja-jaja. Ka tsaga shi da allura, za ka iya ganin macen tsutsar, fara, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar yashi.

Gane takamaiman nau'in kuwa sai ɗakin gwaji. A ƙasashe masu zafi an fi samun nau'ukan da ake kira incognita, javanica da arenaria, ita hapla ta fi son sanyi. Ana duba zanen fatar bayan macen da madubin ƙara girma, ko a gwada DNA, wato ƙwayoyin halittarta na gado.

Ni abin da ya fi damuna shi ne nau'in da ake kira enterolobii, domin tana cin tumatir ɗin da aka ƙirƙira don jure wa sauran. Don haka ka kai saiwar da ƙasarta a gwada kafin ka sayi sabon iri.