An haife ni a gidan Kirista, ashe ban sami ceto ba?

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, Legas, ina sayar da tumatir da tattasai. Asalina mutumin wajen Malumfashi ne. Iyayena masu bi ne, kakana ma dattijon ikilisiya ne. An yi mini baftisma ina shekara 16. Ba na shan giya, ba na bin matan banza, zakkata ba ta wuce ni. Kwanan baya a cikin danfo, motar haya ta Legas, wani mai wa'azi ya ce duk wanda bai san ranar da aka sake haifarsa ba wuta zai shiga, ko da a cikin coci aka yanke masa cibiya. Ni kuwa ban san wata rana ba. Tun lokacin hankalina bai kwanta ba. Wane zunubi ne a kaina, ni da ban cuci kowa ba? Ashe ban sami ceto ba?

Amsa: Ɗana, sannu da ƙoƙari. Mutumin nan na cikin danfo ya faɗi gaskiya, amma ya haɗa ta da tsakuwa. Bari mu tsince.

Mu fara da zunubin da ka ce ba ka gani a kanka. Mun saba ɗaukar zunubi a matsayin abin da in an kama mutum a kai sai ya sunkuyar da kai: sata, zina, maye, kisa. Littafi Mai Tsarki ya zurfafa fiye da haka. Kalmar Helenanci da aka fi fassarawa da zunubi a Sabon Alkawari, hamartiya, tana ɗauke da ma'anar kibiyar da ta kauce wa abin da aka auna. Shi ya sa Manzo Bulus a Romawa 3:23 ya ce duka sun yi zunubi, sun kasa kai wa ga ɗaukakar Allah. Ma'aunin ba maƙwabcinka mashayi ba ne, Allah ne da kansa. Yakubu 4:17 ya ƙara da cewa wanda ya san abin da ya kamata ya yi, ya ƙi yi, zunubi ne a gare shi. Yesu kuma a Markus 7 ya ce daga cikin zuciya ne mugayen tunani suke fitowa, ya lissafa har da kwaɗayi, ha'inci, hassada da girman kai.

Kai ka fi ni sanin kwando. Ka san yadda ake jera manyan tumatir jajaye a sama, waɗanda suka sha zafin hanya daga Arewa suna ƙasa. Mai saye da ya san kasuwa ba ya tsayawa a saman kwando, hannu yake zurawa. Abin da ka lissafa mini a wasiƙarka saman kwando ne, kuma yana da kyau, ban raina shi ba. Amma ka tambayi kanka abin da ya motsa a ranka ranar da na kusa da kai ya sayar da kayansa kaf kai ko rabi ba ka yi ba.

Wannan karkata ta zuciya ita ce malaman tauhidin Kirista suke kira zunubin asali. Wanda ya fi kowa bayyana ta ɗan Afirka ne, Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yau. Ya yi jayayya da wani malami daga Birtaniya mai suna Pelagiyus, wanda yake koyar da cewa mutum zai iya cika nufin Allah da ƙoƙarin kansa. A shekarar 418 taron bishop-bishop a Kartej, cikin Tunisiya ta yanzu, ya ƙi koyarwar Pelagiyus. Sai dai kada ka haɗa wannan da “la'anar gado” da wasu suke tsorata mutane da ita a garin nan don a sayi mai ko ruwan addu'a. Ezekiyel 18:20 ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. Halin karkata muka gada, ba takardar hukuncin wani kaka ba.

To, ceton fa? Ka ɗauka ka karɓi kayan mota guda bashi, kaya suka lalace a hanya, mai kaya yana jiran kuɗinsa. Ladabinka da gaisuwarka ba za su share sunanka daga littafinsa ba. Sai an biya. Kolosiyawa 2:14 da irin wannan harshe ya yi magana: takardar bashin da ke kanmu Allah ya soke ta, ya kafa ta a kan gicciye. Wannan ne tushen bangaskiyar Kirista, cewa Yesu Almasihu ya mutu saboda zunubanmu, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku. Afisawa 2:8-9 ya ce ta wurin alheri aka cece ku, ta hanyar bangaskiya, kyautar Allah ce, ba ta ayyuka ba, don kada wani ya yi fahariya. Ka tuna ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu a Luka 23. Bai ba da zakka ko sau ɗaya ba, hannuwansa ma a kafe suke. Roƙo kawai ya yi a tuna da shi, aka ce masa yau zai kasance a Firdausi.

A kan wannan batu ne wani malamin tauhidi mai suna Martin Luther ya tayar da ƙura a Jamus a 1517, har ikilisiyar Yamma ta rabu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, a 1999 a birnin Augsburg, Katolika da Lutheran sun sa hannu a wata sanarwa ta haɗin gwiwa cewa ta wurin alheri kaɗai ake karɓar mutum, ba don cancantarsa ba. Bambanci bai ƙare ba, musamman a kan baftisma: Katolika da Angilikan da Lutheran suna yi wa jarirai, ECWA da Baptist kuwa suna jira sai mutum ya shaida da bakinsa. Amma babu ɗaya cikinsu da ke koyar da cewa ana sayen ceto.

Ga inda mai wa'azinka ya yi daidai. Ceto ba gona ba ne da za a raba wa magada. Yohanna Mai Baftisma ya gargaɗi masu taƙama da cewa Ibrahim ne ubansu, kuma Yohanna 1:12-13 ya ce zama ɗan Allah ba ta hanyar jini ba ne, na waɗanda suka karɓe shi ne. Kakanka bai gaji bangaskiya ba, zaɓa ya yi, wataƙila ma ya sha gori a kanta. Abin da ya bar maka hanya ce, tafiyar taka ce. Bangaskiya kuma ta wuce yarda da labari, gama Yakubu 2:19 ya ce ko aljanu sun gaskata Allah ɗaya ne. Mutum zai iya tsayawa a tashar jirgin ruwa ta Ikorodu ya rantse jirgin zai kai shi tsibirin Legas lafiya, amma in bai sa ƙafa ya shiga ba, a Ikorodu zai kwana.

Inda ya zarce gona da iri shi ne maganar rana. Ba inda Littafi ya ce sai ka riƙe kwanan wata. Bulus yana da ranarsa a hanyar Dimashƙu, haske ya kā da shi ƙasa. Timoti, almajirin Bulus, fa? An ce bangaskiyar ta fara zama a cikin kakarsa Loyis da uwarsa Yuniki, kuma tun yana ƙaramin yaro ya san Littattafai masu tsarki. Ba a ba mu wata rana tasa ba, amma Bulus ya kira bangaskiyarsa sahihiya. Da yawa daga cikinmu ba mu san ainihin ranar haihuwarmu ba, sai a ce shekarar fari ko lokacin kaka, amma ba wanda ke shakkar muna da rai. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, yau, a kan me ka dogara? In amsarka kakanka ne da zakkarka da rashin shan giyarka, to damuwar nan da ta hana ka barci alheri ce, kada ka kore ta. In kuwa ka san kai mai bashi ne, ka jingina ga abin da Almasihu ya yi, ba ka bukatar wani ya buga maka hatimi a cikin mota.

Ayyukan kirki kuma ba a zubar da su ba. Afisawa 2:10, ayar da ke bin waccan ta ceto ta wurin alheri, ta ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka. 'Ya'yan itace ne, ba saiwa ba. Mutumin nan mai suna Zakka, mai karɓar haraji, da Yesu ya shiga gidansa a Yariko, ba wanda ya tilasta masa, shi da kansa ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu.

Ka zauna da Luka 15 da Romawa sura 3 zuwa 8 a Littafinka na Hausa, a hankali, ko da sura ɗaya ce bayan an tashi kasuwa. Ka faɗa wa Allah abin da ke ƙasan kwandon da bakinka, ba sai da wasu kalmomi na musamman ba. Sa'an nan ranar Lahadi bayan sujada ka tsayar da fastonku ko wani dattijo da ka amince da shi, ka ba shi labarin nan kamar yadda ka ba ni, ku yi addu'a tare.