Amsa ga mai tambaya kan kifin bakan gizo: launi ya ƙi fitowa, ɗaya ya yi tsalle waje

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce ka sayo kifin bakan gizo guda uku, irin wanda ake kira boesemani, ka zuba su a akwatin gilashi mai cin lita 40 tare da kifin gwal biyu. Yau mako uku launinsu fari-fari, suna maƙale a lungu, ɗaya kuma ka wayi gari ka tarar da shi a ƙasa. Kana tambaya ko jabu aka sayar maka.

Da wuya ya zama jabu. Ɗan boesemani mai tsawon santimita 4 ko 5 haka yake, toka-toka. Shuɗin gaban nan da ruwan lemon bayan da kake gani a hoto sai ya doshi shekara kafin su zauna sosai, kuma a jikin namiji suka fi fitowa. Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne mazaunin da ka ba su, don a Katsina wannan akwatin ba zai kai su ƙarshen bazara ba.

Asalin kifin daga tafkunan Ayamaru yake, a yankin Fafuwa na ƙasar Indunusiya, kuma yana kai santimita 10 zuwa 11. Mai gudu ne, wuni yake yana kai da komo, saboda haka tsawon akwati ya fi zurfinsa amfani. Ka ba mai gilashi awo: tsawo santimita 120, faɗi 40, tsayi 45, gilashi mai kaurin milimita 10, da ƙarfe ko gilashin tokare a sama. Wannan lita 216 ne, kusan jarka tara ta lita 25, kuma da tsakuwa da komai nauyin zai haura kilo 250, don haka teburin roba ko na katako mara ƙwari ba zai ɗauka ba. Ka tabbata silikon ɗin, wato gam ɗin da zai liƙa gilashin da shi, ba mai maganin fumfuna ba ne irin na banɗaki, wannan guba ne ga kifi. In wuri ko kuɗi bai kai ba, ka nemi ƙaramin danginsu, praecox, mai santimita 6 zuwa 7. Shi akwati mai tsawon 90 ya ishe shi, kuma a ganina shi ya fi dacewa da mai farawa.

Uku sun yi kaɗan. Kifin garke ne, aƙalla shida, takwas ya fi, mata su ɗan fi maza yawa. In suna da yawa maza ke gasa da juna, kuma a nan launi ke fitowa. Ka duba su da sassafe, lokacin da haske ya fara bugun gilashi: namiji zai baza fiffikensa na baya, ya karkata jiki gaban ɗan'uwansa, wani zane mai haske ya riƙa kunnuwa yana mutuwa daga bakinsa zuwa doronsa. Wanda ke cikin tsoro ba ya wannan. Tsoron nan ne ma ya sa naka ya yi tsalle, ko da yake tsalle ɗabi'arsu ce, murfi dole ne. Kifin gwal kuwa ka raba su da shi, kashinsa ya yi yawa kuma ruwa mai sanyi yake so.

Yanzu ga abin da ya fi kashe wannan kifi a garinmu: zafi haɗe da ɗaukewar wuta. Ruwan da yake so digiri 24 zuwa 28 ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin waje yana haura 40, ruwan akwati a ɗaki mai rufin kwano yana iya kai 33 ko fiye. Ruwa in ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa raguwa take, daga kimanin miligiram 8 a lita a digiri 25 zuwa kusan 7 a digiri 33, a daidai lokacin da jikin kifin ke neman ƙari. In wuta ta tafi famfon iska ya tsaya, za ka ga sun taru a sama suna haki, bakuna a buɗe. Manyan maza, waɗanda suka fi kyau, su ke fara mutuwa.

Don haka kafin ka ƙara sayen kifi ko ɗaya, sayi famfon iska mai batir a ciki wanda ke ci gaba da kansa in an ɗauke wuta, ko ƙarami mai USB da za ka jona da fawa-banki ko sola. Matatar soso ta fi mana matatar da ke rufe a gwangwani, domin da wannan famfon take aiki, kuma ta gwangwani in ta yi awanni a tsaye ƙwayoyin halitta masu tsabtace ruwa da ke cikinta mutuwa suke, wuta na dawowa ta turo ruɓaɓɓen ruwa cikin akwati. Murfin bazara ya zama raga irin ta taga, ba gilashi ba, ka sa ƙaramar fanka mai caji tana hura saman ruwan. Da busasshiyar iskarmu wannan kaɗai yana rage digiri 2 zuwa 3, dabarar randa ce dai. Ruwan zai riƙa ƙafewa, sai ka riƙa cikawa kullum. Kada ka jefa ƙanƙara kai tsaye. In ta kama, robar ruwa daskararriya a rufe, ɗaya bayan ɗaya, kana duba ma'aunin zafi, kada ya sauka fiye da digiri 2 a awa guda. Akwatin kuma ya nisanci taga da bangon da rana ke duka da yamma.

Hunturu nasa daban. A Disamba da Janairu dare yana sanyi, ruwa ya faɗi ƙasa da 20, rana ya hau. Wannan hawa da saukar ce ke raunana kifi har ciwon ɗigo-ɗigo fari a jiki ya kama shi. Hita mai wat 200 a saita ta a 25, a mayar da murfin gilashi saboda ƙura, da dare a lulluɓe akwatin da bargo in babu wuta. Ka cire hita daga soket kafin ka rage ruwa, in ta bushe tana da zafi fashewa take.

Sabon akwati sai ya yi mako 4 zuwa 6 matata na aiki, kana ɗan jefa abinci kaɗan, kafin ƙwayoyin da ke cinye amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, su zauna. Kifin bakan gizo ba ya jure ƙazamin ruwa, ka canja kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari duk mako, wato jarka biyu zuwa uku a akwatin da na faɗa. Ruwan famfo a bar shi kwana biyu a buɗe da iska a ciki, ko a ɗiga maganin da ke cire kulorin. Na burtsatse ya kwana a ɗaki yana shan iska, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, 7 zuwa 8 shi ake so. Kada ka ɗebo daga tankin sama da rana, ruwan zafi ne. Na mai ga-ruwa kuma ka tabbata ba a sa masa alif ba, jarkar ba ta taɓa cin fetur ko sabulu ba. Soson matata a matse shi cikin ruwan da ka cire daga akwati, ba ƙarƙashin famfo ba.

Wani abu da mutane ke mantawa: maganin sauro. Fiya-fiya, na feshi, na hayaƙi, duk suna kashe kifi, kuma famfon iska shi ke zuƙo su ya tura cikin ruwa. Ɗakin da akwati yake ba a feshi a cikinsa.

Abinci sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Bakinsu yana da ɗan faɗi amma maƙogwaro ƙarami ne, don haka abincin tarwaɗa na gidan gona bai dace ba. Ka nemi mai laushi ka murtsuke shi, wani lokaci tsutsar sauro daga ruwa mai tsabta, da ɗan dafaffen alayyahu. A tsananin zafi a rage rabi. Tsakuwa mai duhu da baƙin kwali a bayan gilashi suna ƙara fito da launi.

Biyun da suka rage maka: yau ka fitar da kifin gwal, ka rufe da raga, ka canja lita 10 duk bayan kwana biyu har babban akwati ya cika mako 4 zuwa 6 ɗin nan. Sababbin da za ka ƙaro a gajiye suke isowa. Ka saya a damina ko ƙarshenta, ba a Afrilu ba. Ledar ta yi minti 20 tana yawo a saman ruwa, kana ƙara mata kofi ɗaya na ruwan akwati duk minti biyar, sannan ka kwashe kifin da raga ka zubar da ruwan ledar. Su yi mako uku a wannan ƙaramin akwatin naka su kaɗai, duk wanda ka ga farin gashi-gashi a bakinsa ko gyambo a jikinsa kada ya shiga babban.