Amsa ga Kawu kan karnukan Jos

Kawu, ina gaisuwa. Ka tambaye ni yadda muke zama da karnuka a nan Jos, tunda da ka zo biki ka ji haushi bayan kusan kowane get a Rayfield.

A wajenku Kano kare na mafarauta ne da makiyaya. A nan dukiya ne. Ana kiwon manyan karnukan Turawa ana sayarwa, kuma a Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke akwai kasuwa sukutum ta karnuka. Mu Hausawan Gangare da Dilimi ba kasafai muke ajiye shi a gida ba, amma da yawanmu katanga ɗaya ce tsakaninsu da mai ajiyewa.

Bara karen maƙwabcinmu ya tsinke ya ciji ƙaramin ɗana a ƙauri. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ɗauki sanda ba. Tun rikicin 2001 mun san inda ƙaramar rigimar maƙwabta ke iya kai garin nan. Sai muka wanke ciwon da sabulu da ruwa har minti 15, muka nufi asibiti. Tambayar farko da na yi wa mutumin ita ce: ina katin rigakafin karenka? Wannan tambaya ba cin fuska ba ce a Jos. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana Vom, kusa da mu, kuma tana yin allurar haukan kare, don haka ba mai uzuri. Ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana, da wuya a tashi.

Ba shi da kati. Gaban mai unguwa ya ɗauki kuɗin alluran yaron gaba ɗaya, aka ɗaure karen kwana 10 ana duba lafiyarsa.

Dokar karnuka tana nan tun zamanin Turawa, da maganar lasisi da hana yaɗuwar haukan kare, sai dai aiki da ita ya yi ƙaranci, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Kai kuma ka fi ni sanin hukuncin malamanmu na Malikiyya: mai kare mai cizo, in an gargaɗe shi ya ƙi ji, shi ke biyan ɓarnar.

Yaron ya warke, alhamdulillahi. Maƙwabcin ya ƙara tsawon katangarsa, ya kuma sa sarƙa. Ka gaida su Inna.