Cacar baka da kurar da ta sha bugu a Koriya

Wata malama mai koyar da tarihi a wata sakandare a Gusau ta aiko da tambaya mai rassa biyu. Ta ce tana cikin bayanin yaƙin Koriya sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, kin ce zamanin yaƙin cacar baka ne. To, cacar baka tana kashe mutum?" Ta ce bakinta ya mutu. Reshe na biyu kuma, tana neman karin maganar da ta dace da yaƙin da manyan ƙasashe biyu ke yi ba gaba da gaba ba, sai ta hannun 'yan wata ƙasa da aka raba gida biyu.

Malama, ki gai da mini yaron nan, yana da kunnen Hausa.

Cacar baka ita ce jifan juna da zafafan maganganu ba tare da an kai ga ba hammata iska ba. Kishiyoyi na yin ta a tsakar gida, 'yan siyasa na yin ta a rediyo. Turawa sun siffanta zaman doya da manjan da aka yi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet da sanyi, amma masu fassara labarai da Hausa ba su bi su ba, kuma sun yi daidai. Sanyi a wurinmu sauƙi ne da laushi: sanyin hali, sanyin murya, jiki ya yi sanyi. Da an ce "yaƙi mai sanyi", da Bahaushe ya ɗauka wasa ne. Sai dai sunan da suka zaɓa gaskiya ne a tsakanin Washinton da Mosko kawai, inda aka yi shekara arba'in da wani abu ana kumfar baki. A Koriya, daga 1950 zuwa 1953, mutanen da suka mutu sun haura miliyan 2, kuma fararen hula ne suka fi shan ta. Saboda haka ki gaya masa cacar baka sunan zamanin ne, ba sunan abin da ya faru a kowane lungu ba.

Karin magana kuwa, huɗu suka zo mini, kuma kowace da inda ta gaza.

Wadda kowa zai fara kawowa ita ce "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga". Ma'anarta a fili take: bare ba ya shiga gida sai 'yan gida sun ɓata. To amma a Koriya wa ya tsaga bangon? Japan ta mulki ƙasar a dunƙule tun 1910. Da ta sha kaye a watan Agustan 1945, sai wasu hafsoshin Amurka biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, suka duba taswira suka zaɓi layi na 38 cikin layukan da ke ratsa taswirar duniya, don dai babban birni Seul ya faɗa ɓangarensu. Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya amince. Ba a tambayi Bakoriye ko ɗaya ba. Layin ya ratsa gonaki da koguna da hanyar jirgin ƙasa, ya bar wa a arewa, ƙane a kudu. A 1948 aka kafa gwamnatoci biyu, Syngman Rhee a kudu, Kim Il Sung a arewa, kowa na cewa duk ƙasar tasa ce. Kin ga nan ƙadangarun ne suka zo da digarsu. In kin ba ɗalibai wannan karin maganar ba tare da gyara ba, kin ɗora wa mai gida laifin ɓarawo.

Ta biyu, "ingiza mai kantu ruwa". Yaran yanzu da yawa ba su san kantu ba. Curin gishiri ne mai tsini da ake ɗaukowa a kan raƙuma daga Bilma, ya yi tauri kamar dutse, amma ruwa na taɓa shi ya fara zagwanyewa. Wanda ya ce wa mai kantu "shiga, ba zurfi" ba abin da zai rasa, mai kaya ne zai fito da igiya a hannu. Wannan ta kusa, domin Stalin ya ba Kim tankokin yaƙi samfurin T-34 da masu ba da shawara, shi kuwa ya tsaya a bakin gaɓa. Sai dai ingizawa na nufin mutum ba shi da niyyar shiga. Kim kuwa shi ya yi ta naci. Ya nemi izini a 1949 Stalin ya hana, sai a 1950 ya sake masa mara. Rhee ma haka yake ta barazanar kutsawa arewa, har Amurka ta ƙi ba shi tankoki don gudun kada ya tsokano tsuliyar dodo. Masu kantun nan biyu da kansu suke neman kogi.

Ta uku ita ce na fi so don bayyana dabarar manyan: "a fake da guzuma a harbi karsana". Guzuma tsohuwar saniya ce, karsana kuwa budurwar saniya da ba ta haihu ba. Maharbi ya laɓe a jikin wadda ba ya so, ya saki kibiya kan wadda yake so. Duba yadda kowa ya samo guzumarsa. Bayan sojojin arewa sun tsallaka layin ranar 25 ga Yuni 1950, suka kama Seul cikin kwana uku, Amurka ta shiga ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta samu haka ne saboda wakilin Sobiyet yana ƙaurace wa zaman Kwamitin Sulhu a lokacin, kan rigimar kujerar ƙasar Sin. Majalisar dokokin Amurka ba ta ayyana yaƙi ba, Shugaba Truman ma ya yarda a kira abin aikin 'yan sanda. Da Sin ta turo dubban ɗaruruwan sojoji a watan Oktoba, sai ta ce 'yan sa-kai ne. Na Sobiyet ya fi ban dariya: matuƙanta sun tuƙa jiragen MiG-15 da aka shafa wa tambarin Sin ko na Koriya ta Arewa, aka kuma umarce su da yin Koriyanci a na'urar sadarwa. Mutum yana tsakiyar artabu a sama, yaushe zai tsaya lalubo harshen aro? Rashanci ya riƙa kuɓuce musu, Amurkawa suna ji, suka yi gum, don in sun faɗa dole su yi yaƙin da ba sa so.

Ta huɗu ita ce ta talaka: "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi". Wanda ya taɓa ganin wasan kura a bakin kasuwa ya san hoton. Ga ta da takunkumi a baki, sarƙa a wuya, ana kiɗa, gardi na jan ta yana kai mata sanda, 'yan kallo na jefa kuɗi, shi ke sunkuyawa ya tsince. Seul sau huɗu tana sauya hannu, biranen arewa kuwa bama-bamai sun mai da mafi yawansu kufai. Amma gardawan nan ma sun sha cizo. Amurka ta rasa soja kimanin 36,000, Sin ta rasa ninkin haka sau da yawa, har da Mao Anying, ɗan shugaban Sin Mao Zedong na cikinsa. Wanda ya tsinci kuɗin, abin mamaki, Japan ce, tsohuwar mai mulkin mallaka, wadda masana'antunta suka farfaɗo da kwangilar kayan da sojojin Amurka ke saye. Ranar 27 ga Yuli 1953 aka sa hannu kan tsagaita wuta a Panmunjom, iyaka ta koma kusan inda take tun farko. Rhee ya ƙi sa hannu, kuma har yau ba a ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba.

In ni ne a ajin, guzuma da kura zan haɗa, ɗaya ta manya, ɗaya ta 'yan ƙasa. Batun suna kuma, na ga wasu na rubuta "yaƙin wakilci". Ban so shi ba. Wakili mutum ne mai daraja, kamar wakilin ango a wurin ɗaurin aure, an aike shi a fili kowa ya sani. Ki ce "yaƙi da hannun wani", ya wadatar.

Wani ɗalibi daga Damagaram ya tambaya me ya sa ake ce wa aƙidar arewacin Koriya gurguzu, ta kudu kuma jari-hujja. Ɗana, gurguzu tsohuwar kalma ce ta abin da aka taru aka yi a dunƙule, babu na wane babu na wane, kamar a kewaye akushi ɗaya. Jari-hujja kuwa ƙirƙira ce, kuma mai kyau: jarinka shi ne hujjarka, mai kuɗi ke da magana. "Kwaminisanci" aro ne, amma ka riƙe shi, domin gurguzu ta fi shi faɗi. Jam'iyyun gurguzu da yawa a Turai zaɓe suke shiga su faɗi su ci, ba ruwansu da mulkin jam'iyya ɗaya irin na Piyongyang, babban birnin Koriya ta Arewa.